Gafiya Mai Gidan Haya da Irin Gyaɗar Damo

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, in dai ba kuɗin haya ta zo karɓa ba.

A'a, wannan kyauta ce. Ku matso, a tura itacen nan ciki. Ke Lantana, bar ƙwaƙular bangon nan, kin san halin mai gidan hayarmu, gobe sai ya rantse giwa ce ta tunkuyi gininsa.

Wai an yi wata Gafiya a wani gari, tana da gidan haya a bayan kasuwa. Ɗaki goma sha ɗaya ne a gidan, in an haɗa da wanda a da akurkin kaji ne, ta share kashin ta kafa masa ƙyaure. Hajiya ake ce mata, ko da yake iyakar tafiyar da aka san ta taɓa yi ita ce zagayen rumbunan mutane. Ga kumatu ga tumbi, ga baki kamar zuma. Ba ta yin magana uku ba ta ce amana ba. Ni kuwa duk wanda na ji yana yawan ambaton amana, sai in laluba bakin zanena in ji ko ƙullina yana nan.

Gafiya ba ta ba 'yan gari ɗaki. Ɗan gari yana da dangi, yana da lokaci, zai iya zama ya yi shari'a da ke har shekara. Ita 'yan cin rani take so, mutanen ƙauye da suka gama girbi suka shigo birni neman abin kai wa baka. Ta san halinsu sarai. Ran da ruwan shuka ya sauka, ɗan cin rani ko wuta ce ta kama rigarsa ba zai tsaya kashewa ba, hankalinsa ya tafi gona.

To, ga dokar gidan. Kafin ka shimfiɗa tabarmarka, ban da kuɗin haya, sai ka kawo abin da ta sa wa suna ajiyar ɓarna. Wai in ka tashi ba ka ɓata komai ba, a mayar maka da kayanka. Tana da wani ɗaki da ta jera tuluna a ciki, kowanne an binne shi a ƙasa har wuya. A zuba ajiyarka a tulu, a liƙe bakin da laka, ka danna tafin hannunka a kan lakar tun tana ɗanya. Mai Unguwa Kunkuru ne shaida, ya gyaɗa kai, a ba shi goronsa. Kowa ya ga haka sai ya ce kai, wannan baiwar Allah akwai tsoron haƙƙi.

Abin da ba wanda ya sani, kowane tulu a huje yake ta gindi. Gafiya ta haƙa rami daga ƙarƙashin gadonta, ya ratsa tsakar gida ta ƙasa, ya ɓullo daidai gindin tulunan. Da rana tsaka, in masu haya sun watse neman abinci, sai ta tuɓe mayafi ta zurma. Tana ci tana waƙa:

Tafi na sama, ni ina ƙasa,
Laka ta bushe, bakina ya jiƙe,
Mai ajiya je ka nema,
Amanarka tana cikin kumatu.

Ran tashi kuwa, sai ta ɗauko sanda ta shiga duba ɗaki.

Kwaɗo ya zo karɓar ƙullin farar da ya ajiye. Ta shafa ƙasa ta ce, "Malam Kwaɗo, ɗakin nan a bushe na ba ka shi. Wannan danshin fa?"

Ya ce, "Hajiya, ai jikina ne haka."

Ta ce, "To jikin naka a ina ya kwana? Ɓarna ta ci ajiya. Allah ya raka taki gona."

Hawainiya ta zo. Ta ce mata, "Ke da idona na gan ki. Kin jingina da bangona, kin tashi da launinsa a jikinki. Ina kika kai min shi? Ɓarna ta ci ajiya. Allah ya raka taki gona."

Jemage ya zo yana murmushi, don shi tun da ya shiga ɗakin ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Gafiya ta ɗaga kai ta ce azara ta lanƙwashe saboda lilon da yake yi. Ta sunkuya ta ce daɓen da ya ƙi takawa ya lalace don rashin amfani. Laifi biyu ke nan, har ma shi ya kamata ya ciko. Jemage ya tsere ba ko sallama.

Haka take yi shekara da shekaru. Ba a taɓa buɗe tulu ɗaya a gaban mai shi ba, don ɓarna tana riga kowa isa.

Ana nan, ana nan, wata kaka sai ga Damo ya sauka garin. Kun dai san Damo, sarkin haƙuri, kurum ta gamshe ka da kowa. Ya zo yin dako a kasuwa. Yana rataye da fartanya, ga tsohon bargo, ga wani ɗan buhu da ya rungume a ƙirji. Irin gyaɗa ne a ciki. Gara ta cinye masa rumbu a ƙauye, ba shi da wurin da zai bar shi, shi ya sa ya taho da abinsa. Iri ne da ya gada wurin ubansa, uban ya gada wurin kaka, 'yar ja mai yawan mai, duk ƙasarsu ba mai irinta sai gidansu. In wannan buhu ya salwanta, gyaɗar gidan Damo ta ƙare a duniya.

Tun yana zaure hancin Gafiya ya gaya mata abin da ke cikin buhun. Yawu ya taru mata, ta haɗiye.

Ta ce, "Maraba da bawan Allah. Ɗaki akwai. Me ka kawo na ajiya?"

Ya ce, "Ga fartanyata, Hajiya."

"Fartanya? In yi noma a tulu?"

"To ga bargo."

"Bargon da ƙuma suka gama rabon gado a kansa? Wancan buhun fa?"

Damo ya ƙara rungume shi. Ya ce, "Iri ne, Hajiya. Ba a taɓa iri."

Ta dafa ƙirji ta ce, "Wa ya ce za a taɓa? Ni? Ai gara ma ka kawo shi nan. Garin nan cike yake da ɓarayi. A tuluna kuwa, ga laka, ga tafinka, ga Mai Unguwa. Amana ce fa, ɗan nan, amana."

Damo ya ga kamar akwai gaskiya a maganar. Aka aika wa Kunkuru, aka jira shi kwana uku ya iso. Aka juye gyaɗa a tulu, aka liƙe, Damo ya danna tafinsa. Kunkuru ya gyaɗa kai ya karɓi goro. Shi dama bai taɓa kama haya ba tun da aka haife shi, gidansa a bayansa yake, ko yoyo bai san kamanninsa ba. Irin su ne ake ba shari'ar masu haya.

Washegari Damo bai kai bakin kasuwa ba Gafiya ta zurma rami. Ta ɓare ɗaya ta jefa a baki. Kai! Ta lumshe ido. Tun da take sata ba ta taɓa cin gyaɗa mai garɗin wannan ba. Ta ɓare, ta ci, ta ɓare, ta ci, ta bar ɓawon a tulu. Da ciki ya cika, ido bai cika ba. Ta cusa a kumatun dama, ta cusa a na hagu, har bakin ya ƙi rufuwa. Ta kama hanyar ɗakinta tana son yin waƙarta, kowace kalma ta fito sai ƙwaya biyu su faɗo. Ba ta tsaya tsincewa ba, ai gobe ma rana ce. Abin da ta isa da shi ta tona ƙarƙashin daɓen ɗakinta ta binne. Kullum haka, kullum haka, har tulu ya koma ɓawo zalla.

Damo kuwa yana can yana ɗaukar buhunan mutane, wuya ya kumbura. Kowace Juma'a sai ya roƙa a buɗe masa ɗakin ajiya, ya leƙa, ya ga tafinsa yana nan daram a kan laka, ya yi hamdala ya koma.

Bazara ta shigo, zafi ya tsananta, gajimare ya fara leƙowa daga gabas. Duk unguwar aka shiga yaɓe, kowa yana kwaɓa ƙasa yana toshe tsagar rufin ɗakinsa kafin ruwa. Gidan Gafiya kaɗai ba motsi.

Damo ya ce, "Hajiya, ba za a yi yaɓe ba? Ina kwance ina hango sama ta rufin ɗakina."

Ta ce, "To ka gode Allah, ba a ƙara maka kuɗin kallo ba."

Bayan kwana biyu ya sake zuwa. "Hajiya, ni zan kwaɓa, ni zan hau. Ke dai ki sayo ciyawar da za a zuba a ƙasar."

"In sayo? Da kuɗin wa? Kuma duk wanda ya hau rufina sai ya biya kuɗin hawa."

"Har naki ɗakin na ga ya tsage."

"Ɗakina ne ko naka?"

Damo ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri." Ya tafi.

Ran wata Laraba da la'asar hadari ya haɗu, iska ta taso, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kowane ɗaki a gidan ya zama rariya. Kafin ruwa ya ɗauke 'yan cin rani sun ɗaure kaya. Gafiya ta ɗauko sandarta ta bi su ɗaki ɗaki. Ɓarna ta ci ajiya, Allah ya raka taki gona. Ɓarna ta ci ajiya, Allah ya raka taki gona. Wani ya yi tsaki, wani ya ce Allah ya isa, amma ba wanda ya tsaya, ƙasa ta jiƙe, gona tana kira. Gida ya rage daga ita sai Damo.

Ta shiga ɗakinsa. Ya share shi tas, har ya toshe ramin ɓera da ya tarar. Ta duba sama, ta duba ƙasa, ta rasa abin kamawa. Can ta nuna da sanda.

"Wannan layin fa a daɓena?"

"Wutsiyata ce, Hajiya. In ina tafiya tana jan ƙasa."

"Da ka zo haya, kai na ba ɗaki ko wutsiya? Ka shigo min da mai haya na biyu ba sanarwa. Wannan yoyon kuma fa?"

"Ai shi na yi ta gaya miki."

"Yawwa! Ka amsa da bakinka. Shekara nawa ɗakin nan bai yi yoyo irin na yau ba? Kai ka yi ta kiran yoyo, yoyo, har ya ji ya zo. Mugun baki ma ɓarna ne. Ɓarna ta ci ajiya. Allah ya raka taki gona."

Ta juya tana jiran ta ji ƙarar ƙyaure. Shiru. Ta waiwaya, Damo yana tsaye inda ta bar shi.

Ya ce, "Gonar da ba iri, me zan je in yi mata, Hajiya? Gaisuwa?"

Nan Gafiya ta gane kuskurenta. Shekara da shekaru tana karɓar fara, da daddawa, da busasshen kifi, abin da mutum zai yi tsaki ya bari. Kwaɗayi ya sa bana ta karɓi abin da ba a iya tafiya a bar shi. Amma ta daure, ta ɗaga murya.

"To me kake so?"

"A buɗe tulu a gaban Mai Unguwa."

Gafiya ta yi lissafinta. Danshin shuka ba ya jiran kowa. In aka ja shari'ar nan kwana goma, wannan sakaran zai gaji ya tafi neman aron iri a ƙauyensu. Sai ta ce, "Shari'a kake so? Bismilla. Ni da kaina zan je in rako Mai Unguwa." Ta watso masa bargo da fartanya waje, wai kada ya ƙara ɓarna. Ta garƙame gidan, ta ɗaure mabuɗi a bakin zane.

Tsakanin gidan Kunkuru da nata, ɗan akuya zai je ya dawo kafin ruwa ya tafasa. Kunkuru kwana uku yake yi. Gafiya ta ɗaura niyyar mayar da ukun nan tara.

Ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, ba a fita shari'a da yunwa." Aka kawo dafaffen zogale da ƙuli. Ya ci, barci ya ɗauke shi, ranar ta wuce. Washegari aka kama hanya. Ba a yi nisa ba ta ce, "Ranka ya daɗe, ga gidan su Zabuwa, an yi musu haihuwa. A ce babba kamarka ya wuce ba barka?" Aka ratse. Ran na uku ta tuna an yi rasuwa a gidan Bushiya, aka ratse ta'aziyya, har aka zauna sadakar uku. Da aka fito ta ce hanyar kasuwa akwai taɓo, a zaga ta bayan makera. Ko'ina aka yada zango, ga ɗanwake, ga goro. Kunkuru yana tauna yana cewa, "Hajiya akwai zumunci." Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Damo yana biye da su a baya da fartanyarsa. Kowace safiya sai ya tura yatsa a ƙasa ya ji inda danshi ya kai. Ran na biyar aka sake yin ruwa, mai kyau, irin wanda manomi ke roƙo. Ya tsaya a cikinsa bai nemi mafaka ba. Ya hango gonakin bayan gari sun fara yin kore, tasa tana can fayau. Ya tuna ubansa yana zaɓar ƙwayar nan ɗaya ɗaya a faifai yana cewa kada ka bari ta ɓace a hannunka. Ya yi hawaye, ruwan sama ya rufa masa asiri. Amma bai juya ba.

Gafiya takan waiwaya ta ce, "Malam Damo, har yanzu kana nan? Shuka fa tana wucewa."

Sai ya ce, "Ina nan, Hajiya."

Ran na tara da hantsi aka iso. Maƙwabta suka taru, don kowa ya san halinta, ba dai wanda ya taɓa kama ta. Gafiya ta kwance mabuɗi tana yanga, tana cewa, "Yau kowa zai ga amana da idonsa." Ta tura ƙyaure.

Sai ta daskare a bakin ƙofa.

Wani koren layi ne ya ratsa tsakar gida. Gyaɗa ce ta tsiro, ganye shar, a jere kamar an ja igiya. Ta faro daga gindin bangon ɗakin ajiya, ta yi 'yar kwana a wajen turmi, ta miƙe ɗoɗar har ƙofar ɗakin Gafiya. Duk ƙwayar da ta faɗo daga kumatunta tana waƙa, ruwa biyu ya same ta, ta ɗago kai tana ba da shaida.

Wata maƙwabciya ta ce, "Ikon Allah! Hajiya, yaushe kika fara noma?"

Gafiya ta ce, "Ciyawa ce."

Damo ya durƙusa, ya tona gindin ɗaya a hankali, ya ɗago. Ga jar fatar ƙwayar nan maƙale a jikin tsiron. Ya ce, "Ta gidanmu ce."

Gafiya ta ruga ɗakin ajiya tana ihu. "Ku zo ku ga laka! Ga tafinsa nan, ko tsagewa bai yi ba! Ranka ya daɗe, ba a gabanka aka liƙe ba?"

Kunkuru ya miƙa wuya ya ce, "Lalle a gabana aka liƙe. Tafi kuwa yana nan. Ina ganin magana ta ƙare."

Damo ya ce, "A fasa."

Mutane suka ɗauka, "A fasa! A fasa!" Aka fasa laka. Ɓawo ne fal. Aka kwashe ɓawon, sai ga huji a gindin tulu, daidai kan Gafiya. Aka leƙa sauran tulunan, kowanne da nasa hujin. Jama'a suka bi koren layi har ɗakinta, aka banka ƙofa. Rufin da ta ƙi yaɓewa ya zubar da ruwan duniya a kan daɓe. Gyaɗar da ta binne ta tsiro gaba ɗaya, ta farfasa daɓen, ta ɗaga tabarma, ta leƙo ta ƙarƙashin gado, fara sol don rashin rana.

A garin nan kuwa hukuncin wanda ya ci amanar da aka liƙe da laka sananne ne. A yanke masa wutsiya, a zaga kasuwa da shi ana kaɗa masa gwangwani. Har wani ya tafi aron wuƙa wurin mahauta.

Kuna tsammani Gafiya ta ƙare? Ba ku san ta ba. Ana cikin hayaniya ta faki ido, ta dumbuzi 'yan ƙwayoyin da ba su tsiro ba a lungun gado ta cusa a kumatu. Sannan ta zube a gaban Kunkuru ta fashe da kuka.

"Wayyo ni! Alheri ya zama laifi! Ranka ya daɗe, shuka na yi masa!"

Ta ƙara rushewa da kuka, ta ci gaba.

"Na ga shari'a za ta ja, na ga danshi zai wuce, na ga bawan Allah ba shi da kowa a garin nan. Na ce wannan iri na gado ba zai mutu a gidana ba. Na huda tuluna da kaina, don kada in ɓata masa tafinsa. Na ba shi tsakar gidana, na ba shi har ɗakin kwanana. Ɓarawo yana shuka abin da ya sata a layi? Ku duba layin nan, ku ji tsoron Allah!"

Kunkuru ya ji daɗi har cikin ƙoƙon bayansa. Dama zogale da ɗanwake sun tsaya masa a wuya, ga kunyar shaidar da ya yi ta yi shekara da shekaru a kan tulun da ba gindi. Ya yi gyaran murya ya ce, "To, ai ka ji. Wannan ba sata ba ce, taimako ne. A mayar da wuƙa."

Da ta ga wutsiya ta tsira, da sai ta yi shiru. Ina! Hali zanen dutse. Ta share hawaye ta ce, "Sai dai a biya ni ladan shuka, ranka ya daɗe. Da kuɗin tulun da na huda."

Kowa ya juya yana kallon Damo, ana jira ya fashe. Damo ya sunkuya ya dubi koren layin nan. Can ya ɗago.

Ya ce, "Na gode, Hajiya. Allah ya saka. Ranka ya daɗe, ina da tambaya. Ta ce ta ba ni tsakar gida da ɗakinta ta shuka min?"

"Haka ta ce, kowa ya ji."

"Aron gona ke nan."

"Aron gona ne."

"A al'adar garin nan, ana tashin wanda aka ara wa gona kafin ya cire amfaninsa?"

Tsofaffin da ke wurin suka amsa tun kafin Kunkuru ya buɗe baki, "Ba a yi! Ko sarki bai isa ba!"

Damo ya ce, "To ina nan har kaka. Ladan shuka kuma a cire daga abin da aka ci, in ya so ta ba ni canji. Sai dai wadda ke cikin ɗaki ta yi fari, tana son rana. Gyaɗa ba ta yi a inuwa."

Wani ya ce, "A yaye rufin!"

Gafiya ta yi tsalle. "Rufina?"

Maƙwabciyar nan ta ce, "Ke da kika ba shi ɗakin don Allah? Ko so kike alherinki ya mutu?"

Gafiya ta ga ta ɗaure kanta da kanta. In ta ce ba ta ba shi ba, wuƙa ba ta yi nisa ba. Tana tsaye tana kallo matasan unguwa suka hau, suka yaye rufin da ta hana a hau sai an biya. Ba wanda ya biya ko anini. Azara ta sauka, rana ta shiga, aka fito mata da gadonta aka jingine a waje.

Damo ya ce, "Saura ɗaya, ranka ya daɗe. Ana barin gafiya ta kwana a gonar gyaɗa?"

Duk wurin aka kwashe da dariya. Kunkuru ya ga inda iska ta juya, shi ma ya juya da ita. Ya ce gida dai na Hajiya ne, ba mai ƙwace mata, amma daga yau har a cire gyaɗa, ikon ƙofa yana hannun mai gona. Aka kwance mabuɗi daga bakin zanenta aka miƙa wa Damo.

Hadari ya sake haɗowa. Gafiya ta dubi sama, ta dubi gadonta a waje. Ta matso kusa da Damo, ta sassauta murya.

"Malam Damo, ɗan albarka. Ko akurkin nan na bakin zaure ka bar min. Ai ya yi nesa da gonar."

Damo ya ce, "Ɗaki akwai, Hajiya. Me kika kawo na ajiya?"

"Ajiya? A gidana?"

"Dokar gidan ce, ba ni na kafa ta ba. Na ga kumatunki sun ɗan tasa. Ki juye abin da ke ciki a tulu, mu liƙe, ki danna tafinki. Ga Mai Unguwa. In kin tashi ba ki ɓata komai ba, a mayar miki. Amana ce."

Wallahi da gaske yake, da ta ba shi da ya mayar mata, Damo bai iya cuta ba. Amma Gafiya ta dubi tulu, ta dubi laka, ta dubi Kunkuru yana gyara zama zai karɓi goro. Duk garin ba wanda ya kai ta sanin abin da masu gida ke yi da ajiya. Ta damƙe bakinta, ta ja da baya, ta ja da baya, ta juya ta zura a guje. Ta bar ɗaki goma sha ɗaya, ta bar gado, ta bar mayafi, saboda ƙwayar gyaɗa bakwai. Yaran unguwa suka bi ta suna tafi, suna cewa Gafiya, tsira da na bakinki!

Damo ya yi noma, ya yi maimai. Gonarsa ta ƙauye dai ta kwana bana, wannan asara ba mai mayar masa. Amma da kaka ya cire gyaɗarsa a tsakar gidan Gafiya, 'yar ja mai yawan mai, ya cika buhunsa har ya samu na kai wa ƙannensa. Ran da zai tafi ya share gidan tas, ya rataye mabuɗi a ƙofa. Ba ta dawo ɗauka ba. An ce tana can ramin bayan rumbu, kuma har gobe in ta ji an ce amana sai ta ƙara damƙe baki.

Darasin kuwa na masu gida ne, ku kai musu. In za ku ci ajiyar mai haya, ku ci wadda ba ta tsira. In kuwa kun ga ba za ku iya haƙuri ba, to ku soya ta tukuna, kuma ku yi yaɓe.

Ƙurunƙus kan gafiya. Ba don wutar nan ta ci itacenta ba da na ƙara muku wata ƙaryar. Ku tashi a hankali, kada wani ya ja ƙafa a daɓen nan, buhun masarata yana hannun mai gida.